Ranar da Yaya Ta Zuba Maki Goma a Baki

Injiniya ake ce masa a unguwa, ko da yake bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Mai gyaran wutar lantarki ne, irin wanda zai shiga gida ya saurari kukan fanka ya ce wayar da aka ja ta yi siriri. Rabin rayuwarsa a kan tsani ya yi ta, har ranar da tsanin ya zame a kan jiƙaƙƙen tayil ya sauko da shi ta ƙugu. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe, aka dawo da shi gida aka kwantar a falo kusa da taga.

Ciwon bai dame shi kamar lallashin ba. Gidan da aka saba musu a kan komai ya koma gidan "sannu". In ya yi ƙorafi, matarsa ta ba shi haƙuri. In ya faɗi abin da ba haka ba, ƙaninsa direba ya gyaɗa kai. Wadda ta fi ba shi tsoro ita ce Yaya, yayarsa da ta rene shi, wadda ba ta taɓa ganin aikinsa ta ƙyale ba gyara ba. Yanzu sai ta gyara masa filo, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ya fara zargin ko likita ya gaya musu abin da ya ɓoye masa, wato tasa ta ƙare, sai dai a lallaɓa.

A wannan kwanciyar ya ƙirƙiro wasan labari na kan tebur. Shi ke ba da labarin, kowane ɗan wasa ya gina jaruminsa da maki goma, ya raba su a kan gwaninta huɗu: ƙarfi, gudu, ido da baki. In jarumi zai yi abu mai wuya, sai a jefa ƙwayar lido a haɗa da makin gwanintar. In jimillar ta kai bakwai, an yi nasara.

Duk ranar hutu ake jawo tebur gaban kujerarsa a gwada. Bayan an tashi sai ya tambayi inda doka ta yi rauni, kowa ya ce ai babu, wasa ya yi. Shi kuwa ya san sabon wayarin da aka ce ba matsala ko ɗaya, ba a kunna masa kaya ba ne tukuna. Yabon nan ya fi allura yi masa zafi.

Yaya ba ta wasan, kallo take ta saman tabarau. Ran nan direba ya makara, kujera ta zama fanko, aka matsa mata ta zauna. Ta saurari doka, ta tambaya ko an hana mutum zuba makinsa wuri ɗaya. Ya ce ba a hana ba. Ta zuba goman duka a baki. Matarsa ta ɗan taɓa ƙafar Yaya ta ƙarƙashin tebur, Yaya ta janye ƙafarta.

Labarin na matafiya ne da za su haye kogi su ɗauko fitila a wani tsohon gida. A bakin gada akwai mai gadi da sanda. Yaya ta ce jarumarta za ta lallashe shi. Injiniya ya miƙa mata ƙwayar lido, ta ƙi karɓa.

"In jefa in yi me? Ko ban jefa ba na wuce bakwai."

Mai gadi ya ba da hanya. Suka iske ƙaton kada, ta yi masa daɗin baki ya ɗauke su a bayansa. Suka iske ƙofar ƙarfe, wadda Injiniya ya kwana biyu yana tanadar wa masu ƙarfi, ta ce ai kowace ƙofa da mai riƙe makullinta, a kira shi su gaisa. Labarin da ya shirya na makonni ya ƙare shayi bai huce ba.

Yaya ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce wannan ba doka ba ce, kwando ne, kuma mutumin da ya yi shekaru yana gwada waya kafin ya taɓa bai kamata ya kawo wa manya irin wannan aikin ba.

"Yaya, a dai bi shi a hankali," in ji matarsa.

"A hankalin me? Ƙugu ya karye, ba kai ba. Likita da bakinsa ya ce ƙashi ya kama. Ni na gaji da wannan sannun."

Injiniya ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Daɗi ya ji, daɗin da rabonsa da shi tun kafin tsanin nan. Sai da ya sunkuyar da kai kamar mai duba takarda don kada a ga idonsa.

Daga nan baki ya buɗe. Matarsa ta ce tunda ana faɗin gaskiya, gwanintar ido ba ta da amfanin komai, don tausayi take zaɓarta. Direba ya shigo ana tsaka da haka, ya ce shi tun ranar farko ya ga ramin da ke cikin dokar, ya kauce masa. Injiniya ya ce to kada gwaninta ɗaya ta wuce maki biyar. Yaya ta ce huɗu. Ya ce biyar, wasan nasa ne. Ta ce shi ya sa ya lalace.

Ya nemi a miƙo masa fensir daga kan kantar falo. Ba wanda ya ji shi, sun dulmuya a gardamar ko kada yana jin magana. Ya sake nema.

"Tashi ka ɗauko," in ji Yaya, ko juyowa ba ta yi ba.

Ya jawo sandarsa, ya miƙe, ya taka a hankali har kantar. Babu wanda ya zabura ya riƙe shi.