Takardar Ilu Dogo

Ilu Dogo ya ajiye takardar a gabana. "Malam, kai ne ɗan boko. Karanta mini."

A Paris muke, shekarun alif ɗari tara da tamanin. Shi ɗan dako ne a kasuwar Rungis, ni ina jami'a. Wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Lyon ce ta ga wasansa, ta aiko masa da takardar tana son ɗaukarsa.

Na karanta. Albashin ya fi wanda nake fatan samu bayan duk karatuna. Ban faɗa masa adadin ba.

"Wasa ba sana'a ba ne, Ilu," na ce.

"Shi ke nan, mai ilimi ya faɗa." Ya naɗe takardar, ya koma dako. Ni kuma na ƙare da gadin sito a Aubervilliers.

Jiya ya kira ni yana dariya. "Malam, ka ji miliyoyin da yaran nan 'yan ƙwallon kwando ke kwasa? Da haka ake biya a zamaninmu, ai da kanka za ka kai ni tasha in tafi Lyon!"

Na ce, "Haka ne."

Mun tsufa duka. A ganinku, in faɗa masa, ko in bar shi da dariyarsa?