Ni da Sitti da Ɓeran Tamra

Har gobe ba zan manta da yammacin wata Talata cikin watan Sha'aban ba, ranar da ni da uwar ɗakina muka durƙusa muna busar wa mataccen ɓera gashi. Ku da kuka zo Madina bana ku gyara zama, don na san wasunku sun ji rabin labarin a bakin mutane, an ƙara masa gishiri.

Sunana Rabi, daga Maraɗi. A lokacin shekarata biyu ina aikin gida a unguwar Khalidiyya. Ga wadda ba ta gama gane tsarin ba, kowace mai aiki tana da kafil, wato wanda iƙamarta, takardar zamanta, take ƙarƙashin sunansa. Kafilata Duktora Hind ce, likitar haƙori, amma mai mulkin gidan kakarta ce, wadda kowa yake kira Sitti. Tsohuwa ce baƙa, doguwa, ga faɗa. Ranar da na fara aiki na dube ta na ce a raina wannan jininmu ce, na gaishe ta da Hausa. Ta kalle ni kamar bango ne ya yi magana, ta amsa da Larabci. Ban sake gwadawa ba.

Duktora tana kiwon mesa a ɗakinta na sama. Ba ƙatuwar nan mai haɗiye akuya ba, 'yar madaidaiciya ce, ba ta da dafi, idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Sunanta Tamra, dabino ke nan, saboda launinta. Duktora ta ce asalin irinta daga yankinmu ne. Na ce to, a can ɗin ma ba gaisawa muke yi ba. Sitti kuwa cewa ta yi ƙafarta ba za ta taka ɗakin ba muddin abar tana ciki.

Sai aka tura Duktora kwas na wata biyu a Riyad. Kafin ta tafi ta tsayar da ni gaban akwatin gilashin ta koya mini aikin dalla-dalla. Gefe ɗaya na akwatin da ɗumi, ɗaya da sanyi, kowanne da ɗan kogon ɓuya. Kullum da safe in duba ma'aunin zafi, in sake ruwan sha, in fesa ruwa a kan ɓawon kwakwar da aka shimfiɗa mata, domin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana busar da iska, fatarta kuma tana son laima. Idan idanunta suka yi fari-fari kamar madara, saɓa za ta yi, kada in dame ta. Abinci kuwa duk kwana goma, ɓera ɗaya. Daskararru ake sayo su daga wani shago a Sultana, suna da 'yar firizarsu daban, nesa da kicin. A sa ɓeran a leda, a tsoma a ruwan ɗumi har ya saki, a kama shi da dogon awartaki a miƙa mata. Bayan ta ci, kwana biyu ba a taɓa ta.

"Za ki iya, Rabi?" in ji Duktora.

"Mafi mushkila," na ce, wato ba matsala.

Ranar ciyarwa ta farko na narkar da ɓeran yadda aka ce. Amma daga bakin ƙofa zuwa gaban akwatin na yi fiye da rabin sa'a, ina taku ɗaya ina karanta duk addu'ar da na sani. Da na miƙa awartakin, sai na ƙwala wa Tamra ɓeran a hanci. Ta dunƙule. Ni ma na ruga na dunƙule a banɗaki. Da Duktora ta kira ta tambaya, bakina ya riga ni: "Ta ci, alhamdu lillahi."

Bayan kwana goma aka sake haka. Ta leƙo, ta kaɗa harshe, ta juya ta koma kogonta. Na sake cewa ta ci. Kafin karo na uku ya zo, ni kaina na daina cin abinci. Ina ganin kamar ta rame, ina ganin Duktora ta dawo ta tarar da gawa da ƙarya biyu a kai, ga iƙamata saura kaɗan a sabunta. Ina da 'ya'ya uku a makaranta a gida. Ɓera ɗaya yana neman ya mayar da ni Maraɗi.

Ranar Talatar, bayan la'asar, ina zaune a kicin na zuba wa shinkafa ido, Sitti ta shigo da sandarta. Ta ce da Larabci, "Ke da macijiyar azumin Sha'aban kuke yi tare?"

Sai hawaye. Na kwashe komai na gaya mata, ina jiran ta tsige ni. Sai ta ce, "Istishwar nawa ne kike sa masa?"

"Istishwar?" Na'urar busar da gashi take nufi.

"Hind tana hura masa iska mai zafi a ka kafin ta ba ta. Macijiyar ba kallon abinci take yi ba, ɗuminsa take ji. Ke kina kai mata ɓera mai sanyi kamar ƙafar gawa."

Na ce, "Sitti, ina kika san wannan? Ke da ba kya shiga ɗakin."

"Ƙofa ba ta da tsaga ne?" Ta juya. "Yalla, ɗauko nawa, yana kan madubi."

Haka muka hau sama, ni da ɓera a roba, ita da istishwar ɗinta mai ruwan hoda. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi bismilla, ta shiga da ƙafar dama kamar amarya. Ta sa na sauke labule na kashe babbar fitila, don abar ta fi son duhu-duhu. Muka durƙusa a kan kafet, na riƙe ɓeran da awartaki, ta kunna. Gashinsa ya miƙe, gashin-bakinsa yana kaɗawa. Sitti tana juya hannu a hankali, fuska a ɗaure, kamar mai gyaran gashi ranar biki. Ta ce, "Juya shi, ƙeyar ba ta bushe ba." Nan dariya ta ƙwace mini. Na danne, ta fito ta hanci. Sitti ta harare ni, sai na ga kafaɗunta su ma suna rawa.

Ƙamshin, in dai ƙamshi za a kira shi, ya cika ɗakin. Kafin mu gama Tamra ta fito da kai daga kogo, harshe na ta aiki. Na zuge gilashin. Sitti ta kama gwiwar hannuna da hannu biyu don kada ya yi rawa, ta ce in riƙe shi nesa da hancinta, in ɗan motsa shi kaɗan. Tamra ta janye wuya ta lanƙwasa shi. Ban ga lokacin da ta kawo sara ba. Na dai ji awartakin ya yi sakayau, ga ta ta nannaɗe ɓeran gaba ɗaya.

"Ta cafke! Wallahi ta cafke ɗan banza!"

Na buɗe baki zan taya ta murna, sai na tsaya. Da Hausa aka yi maganar nan, kuma ba ni na yi ta ba.

Na waiga. Sitti ta rufe baki da gefen mayafinta. Na ce, "Sitti, kina jin Hausa?"

Ta sauke mayafin. "Ina ji mana. Uwata mutuniyar Kano ce, a goye aka kawo ta nan."

Shekara biyu ina waya da ƙanwata a kicin, tsohuwar nan tana zaune tana jan carbi. Ta karanta fuskata tsaf. Ta ce, "Har ranar da kika ce ina da faɗa kamar kaza mai 'ya'ya, na ji."

Na zube a kan kafet. Ita ma ta zame ta jingina da gado, muna dariya muna toshe baki don kada mu firgita mai cin abinci, hawaye na zuba, istishwar yana gefe. A bayanmu Tamra ta laluba kan ɓeran ta fara haɗiya a hankali, har wutsiyar ta shige kamar taliya. Da muka lafa, Sitti ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba ta yi Hausa da kowa ba, harshen ya yi mata tsatsa, kunya take ji ta buɗe baki a gabana in ji ta tana karya shi. Na ce abin da na ji ɗazu ko a kasuwar Kano ba a fi haka ba.

Ba ta bar ni na huta ba. Ta miƙo mini jawwal ɗinta, wato wayarta, ta ce in kira Duktora in faɗi gaskiya da bakina. Na faɗa. Duktora ta ce irin wannan mesar takan yi watanni ba ta ci ba kuma ba abin da yake samunta, da na gaya mata tun ranar farko da a minti ɗaya ta tuna mini da istishwar ɗin da ta manta ta ambata. Ta ce ƙin cin bai dame ta ba, ƙaryar ce ta ɓata mata rai, kada in sake. Sannan ta tambaya muryar wa take ji a ɗakinta. Sitti ta karɓe wayar ta ce wucewa take yi.

An sabunta iƙamata a kan lokaci. Yanzu ni nake ciyar da Tamra ko Duktora tana gari, har nakan ɗora ta a hannu in share akwatin. Sitti tana zama a kujera tana ba da umarni, rabi Larabci rabi Hausa.

Abin da na ɗauka a wannan aiki namu shi ne, duk baƙon abin da aka damƙa miki a gidan mutane, ki tambaya sau biyu, idan ya gagare ki ki faɗa a ranar. Wata guda na yi ina ramewa a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware. Kuma wadda ta fi kowa faɗa a gida, sau da yawa ita ce ta fi kowa lura da ke, ita za ta fara ganin kin daina cin abinci. Sai na ƙarshe: duk inda kika ga tsohuwa baƙa a Madina tana jan carbi ta yi shiru, ki fita waje ki yi wayarki.