Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina a Bakin Teku

Lokacin da abin nan ya faru ni mace ce 'yar zaman ɗaki, kuma har gobe haka nake. A lokacin shekararmu uku ke nan da biyo maigidana Kuala Lumpur, inda aka turo shi ƙaro karatu, muna zaune a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a Danau Kota. Bokona bai wuce aji huɗu na firamare ba, sai Islamiyya da na ɗan taɓa, don haka masu karatu ku yi mini uzuri, yadda nake magana haka nake rubutu. Abin da Allah ya hore mini shi ne kunne da baki. Ba na zuwa ko'ina sai kasuwar safe da kedai, wato shagon da nake sayen albasa, amma a nan na kwashi yaren Malay a bakin mata masu sayar da kifi, har ta kai idan ana gulma a cikin lif ina ji tsaf, sai dai in sunkuyar da kai in danne dariya. Maigidan kuwa, da yake da Turanci yake komai a jami'a, shekara uku bai wuce boleh da makan ba, wato zai yiwu da cin abinci. Zamanmu lafiya lau, ban rasa ci ba ban rasa sha ba, ban kuma rasa abokin hira ba ko da bangon ɗaki ne.

Muna da 'ya'ya uku, babbar a lokacin shekararta sha huɗu. Ita ce 'yar farina, sannan sunan mahaifiyar maigidan aka sa mata, kunya biyu ke nan ta haɗu mini a kan yarinya ɗaya. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi a gaban surukai sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka na ga uwata ta yi wa yayanmu, haka ni ma na ɗauka. Tun da na haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, daga ke, sai waccan, sai yarinyar nan. Ƙannenta kuwa ina kiransu har da kirari. Wata maƙwabciyata 'yar Malay ta taɓa jana gefe ta tambaye ni ko 'yar riƙo ce, na yi dariya har da hawaye, don ba ta san tsokar da ta fi girma a ƙarƙashin shinkafar yarinyar nake binne ta ba.

A makarantarsu ne aka fara kai su wani tafki a bayan gari ana koya musu abin da suke kira winsafin. Ni dai allon iska nake ce masa. Wani dogon allo ne kamar ƙyauren ƙofa da yake yawo a kan ruwa, an kafa masa sanda da wani ƙaton fiffike na leda, mutum ya tsaya a kai ya riƙe fiffiken, iska ta yi ta tura shi. Yarinya ta ɗauki abin nan ta sa a rai. Ubanta ya saya mata rigar ruwa mai rufe jiki har da hula, irin wadda 'yan matan Malay suke sawa, ya kuma yi mata alkawari idan ta ci jarrabawa zai kai ta teku na gaske. Ta ci kuwa. Hutun ya zo daidai da zuwan surukata, Hajiya, wadda ta zo a duba mata ido. Da Hajiya ta ji zancen sai ta ce ita dai ba ta san sun haifi agwagwa a zuri'arsu ba, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Jikar ta ce ai tsohuwa tsoro take ji kada takwararta ta fi ta suna. Hajiya ta ce ja'ira, sunan ma aro aka ba ki. Maigidan ya ɗauko waya ya nuna wa mahaifiyarsa hotuna, ya rantse mata ya bincika komai, wurin na masu koyo ne, ruwan ko kafaɗa bai kai ba, babu abin da zai faru sai alheri. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗin ƙafarta ƙafarmu.

Muka yi sammako muka nufi wajen Kuantan, tafiyar da ta ci mana rabin safiya. Ban taɓa ganin teku ido da ido ba sai ranar, na tsaya ina ta salati. Muka shimfiɗa tabarma a inuwar wasu itatuwa, ƙananan suka faɗa wasan yashi, maigidan ya tafi da yarinyar wurin malamin da ke ba da allunan yana koyarwa. Ni kuma na lura Hajiya tana son ɗan abin taɓawa, sai na taka zuwa wata rumfa da ake soya ayaba. Ina tsaye ina jira, mai suyar tana hira da wata ƙawarta, ba su damu da ni ba, don a zatonsu baƙuwa ba ta jin komai. Sai na ji ƙawar tana cewa mijinta masunci ya ga ikan yu jiya da yamma, yau da safe ma ya sake ganinsa, a daidai inda kogi yake shiga teku. Ta ce ba irin ƙananan da ake kawowa kasuwa ba ne, wannan ya kai tsawon mutum, kuma ƙarnin kayan cikin kifin da masu jirage suke zubarwa a wajen ne yake jawo shi. Mai suyar ta ce Allah dai ya sa yaran birnin nan kada iska ta ja su can. Na san ikan yu sarai, na sha ganin 'ya'yansa a kan tebur a kasuwa, shi ne kifin shak da ake nunawa a talabijin. Na waiga na dubi inda kogin yake, ga shi nan a hannun dama, ko nisa babu.

To a nan ne na yi kuskuren da ya sa na ɗauki biro. Na dawo da ayabata a hannu da magana a baki, amma ina ganin Hajiya zaune a kan tabarma sai maganar ta maƙale. Ta yaya zan buɗe baki a gaban surukata in nuna ina tsoron wani abu ya sami 'yar fari? Sannan ga maigida ya rantse wa mahaifiyarsa ya bincika komai, idan na faɗa na ƙaryata shi ke nan a gabanta, ni da ban gama firamare ba, da hujjar hirar masu suyar ayaba. Sai na shiga kewaye-kewaye. Da ya dawo na ce masa ruwan nan dai yau bai kwanta mini a rai ba. Ya yi dariya ya ce ke da ko kududdufin garinku ba ki taɓa shiga ba, yaushe kika san ruwan da ya kwanta da wanda ya tashi. Na ce to a bari a ci abinci tukuna. Ya ce ai da cikakken ciki ba a shiga ruwa. Na ce rana ta yi zafi. Hajiya da kanta ta ce in bar su su yi abin da ya kawo su mu huta da naci. Wallahi da na ja shi gefe na yi masa raɗa da shi ke nan, taku biyar ne kawai, amma ina jin nauyin a ga na keɓe da miji a gaban uwarsa. Na ja bakina na tsuke, na ce a raina wataƙila ma kifin ya yi gaba.

Suka shiga, su biyar masu koyo, malamin yana bin su a wani ƙaramin jirgi mai inji. Da farko abin gwanin sha'awa, ta miƙe a kan allon nan fiffikenta ja yana sheƙi, har Hajiya ta manta da faɗa tana cewa kai, takwara akwai ƙarfin hali. Ni kuwa na juya baya kamar ina gyara kwanuka, amma wutsiyar idona tana kanta. Sannu a hankali na ga iska tana jan ta zuwa hannun dama. Malamin yana can hagu yana fama da wani da fiffikensa ya kife. Sai ta faɗa ruwa, abin da masu koyo suka saba, amma maimakon ta hau sai ta rungumi gefen allon tana hutawa, jikinta duk a cikin ruwa, tana wasa da ƙafafu. A bayanta, tazarar da ba ta fi tsawon tsakar gida ba, na ga wani baƙin abu mai tsini kamar bakin garma ya ɓullo yana yanka ruwa, ya nutse, ya sake ɓullowa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji dai kwanon miya ya kife a ƙafata, na ganni a guje, mayafi ya yi nasa wuri, ruwa ya kai mini ƙugu. Na ƙwala ke, ke, ba ta waigo ba, iska ta kwashe. Sai na buɗe maƙogwaro na kira sunanta, sunan yanka, cikakke, har sau uku. Daga baya aka ba ni labari wai Hajiya da ke kan tabarma sai da ta amsa da na'am. Yarinyar ta juyo a firgice, na ce ta hau allo, ta hau yanzu, ta ɗauke ƙafafunta. Ba ta tambayi dalili ba, ta yi tsalle ɗaya ta haye ta durƙusa. Na juya wajen malamin ina ihu da yarensu ina nuna masa wurin. Ya ji, ya hura usur, ya sa sauran duk suka hau allunansu suka zauna, ya karkato jirgi ya fara ɗauko ta. Abin nan ya ɗan yi kewaye ya ɓace, ba mu sake ganinsa ba.

Da aka fito da kowa lafiya, malamin ya kafa jar tuta ya hana shiga ruwa. Ya ce shi daga wani gari ya zo da safen, labarin bai riske shi ba. Ya ce yawancin kifayen nan ba ruwansu da mutum, sau da yawa ma su ne ke gudu, amma a ruwan bakin kogi mai duhu ba ka sanin wanda ka gamu da shi, kifin ma ba ya tantance ƙafar mutum da abincinsa. Sannan ya tambaye ni yadda aka yi na gane shi daga nesa haka. Ƙarya ba ta zo mini ba. A gaban maigida da Hajiya na ce tun kafin su shiga na ji a rumfar ayaba. Maigidan ya yi mini wani irin kallo, wanda da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fashe da kuka na ce kunya ce ta hana ni.

Hajiya ce ta yi magana. Ta ce in zauna, ta miƙo mini mayafina. Ta ce ita ma ta yi kunyar ɗan fari, ga shi nan tsaye da gemunsa har yau ba ta kiran sunansa, amma ranar da ya faɗa rijiya yana ɗan shekara biyar ba ta tsaya neman wanda zai kira mata shi ba. Ta ce kunya ado ce, ba a shiga da ita inda rai yake. Ta juya kan ɗanta ta ce shi kuma da ya tsaya ya tambayi matarsa abin da ya sa ruwan bai kwanta mata ba, maimakon dariya, da duk ba a kai nan ba, ga digiri har ba wurin ajiyewa amma mai aji huɗu ta fi shi jin abin da gari yake ciki. Daga ƙarshe ta ce sunanta kuma da na yi ta yayatawa a bakin teku ta yafe, amma kada in saba. Duk muka yi dariya, ni ina yi ina share hawaye. A mota muna dawowa yarinyar ta kwantar da kai a kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce da Hausarta mai gauraye da Turanci wai ita ba kifin ne ya fi razana ta ba, jin sunanta a bakina ne, ta san lallai babu lafiya. Ban ture ta ba, ko da yake Hajiya tana kallonmu ta madubi.

Yau shekara biyu ke nan. Muna nan a gidanmu lafiya, maigidan ya kusa kammalawa, yarinyar ba ta bar allon iskarta ba, har ta fara koya wa wasu. Mun koma teku ya fi sau uku. Amma duk lokacin da na tuna ƙafafun nan nata suna reto a cikin ruwa, da maganar da na riƙe a bakina kusan awa guda, sai in ji abinci ya fita raina. Allah ne ya tsare, ba dabarata ba.

Shawarata ga 'yan uwa, musamman mu da muka taso inda babu teku: kada ku shiga ruwan da ba ku tambayi masu shi ba. Waya ba ta san abin da masunci ya gani da safe ba. Ku nisanci bakin kogi da inda ake gyaran kifi, idan an kafa tuta ku haƙura, wanda ya faɗo daga allo kuma ya koma kai maza, kada ya tsaya shawagi. Maza, idan matarka ta ce abu bai kwanta mata ba, ka tambaye ta dalili kafin ka yi dariya, don ba kowace magana muke iya faɗa kai tsaye ba. Mata 'yan uwana kuma, ban ce ku yar da kunya ba, ni ma ban yar ba. Amma idan kika ji abin da zai taɓa ran ɗanki, ki faɗa a take, ko a gaban wa. Gara a yi shekara ana ba da labarin rashin kunyarki da a zo ana yaba kawaicinki a zaman makoki.