Yadda safayar makullina ta hau motar haya zuwa Zariya

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka ɗau hanya daga Kaduna, ni da ƙawata da ƙanwata da za mu mayar makaranta a Samaru. But ɗin motata cike da katifa, bokiti da garin kwaki. Hanya lafiya lau, sai ramukan da kowa ya haddace. Kafin takwas muna Samaru, mun samu masa mai zafi da miyar taushe, ƙawata ta ci takwas tana cewa wai ba ta jin yunwa.

Saura risho da labule. Wanda ya san kasuwar Sabon Gari ya san neman wajen fakin ya fi cefanen wahala, sai na bar motar a ƙofar gidan da ƙanwata ke haya, ni da ƙawata muka hau keke ta Palladan.

A layin 'yan robobi aka yi min aikin. Na zura hannu a jaka zan biya, sai hannun ya fito ta ƙasa. An tsaga ta da reza. Allah ya so waya tana hannuna, kuɗin ciki kuma ba su kai a yi musu kuka ba. Amma makullin mota, na ɗaki da na get duk a zobe ɗaya suke, kuma sun tafi. Gashi washegari ƙarfe goma zan kai kek ɗin biki mai hawa uku, an riga an biya ni. Kek na kulle a ɗaki a Kaduna, motar da za ta kai shi na kulle a Samaru.

Aka nuna mana wani mai yankan makulli, Ibo ne, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya ce, "Hajiya, ina safaya?" Na ce tana cikin durowa, a ɗakin da makullinsa ya ɓata. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce, "In babu ko ɗaya, sai janwe ya kawo motar, mu buɗe ta, mu shiga kwamfutarta. Dubu ɗari biyu da hamsin, ban da kuɗin janwe. Kawo safaya, arba'in zan yi miki sabo."

Ɗari biyu da hamsin ɗin nan ba ni da su. Na zauna a bencinsa. Ƙawata ce ta ce, "Ke, ba ta tasha kike aika wa mutane kek ba? Makulli ya fi kek nauyi ne?"

Nan take na kira maƙwabciyata. Ta samo kafinta ya ɓalle ƙofar ɗakina ina kallo ta bidiyo, kowace guduma har cikin raina. Ta tono safayar ƙarƙashin takardun makaranta, ta sa a ambulan, ta ba direban motar Zariya a tashar Kawo, ta turo min lambarsa.

Awa ɗaya da rabi muka yi a ƙarƙashin gadar Kwangila muna shan kunun aya, duk motar da ta rage gudu sai na miƙe. Da ya iso bai ma tsaya sosai ba, ya leƙo ya ce, "Ke ce mai makulli?" Ya miƙo ambulan, na miƙa dubu uku, ya wuce. Da na danna rimot a Samaru motar ta yi ƙara, har rawa na taka a bakin titi, masu shago suna kallo.

Na tuƙo ta da kaina zuwa Sabon Gari, wajen mai yankan makullin. Muka yi ciniki, na ce, "Oga, ka riga ka ci dariyar dubu biyar ɗazu." Ya bar min a talatin da biyar. Ya yi sabon, ya kuma goge wanda aka sace daga kwamfutar motar, ko ɓarawon ya gano ta ba za ta tashi ba.

Kafin magariba muna gida. Ashe da sauran kashe kuɗi. Kafinta da sabon makullin ƙofa dubu goma sha huɗu. Mai gidanmu ya ce tunda na get yana hannun ɓarawo dole a sauya kwaɗo, a yanka wa 'yan haya huɗu nasu, duk daga aljihuna, dubu tara. Da na direba, sittin da ɗaya kenan, ban sa jaka ba. Ya yi zafi, amma ina laifi a kan ɗari biyu da hamsin? Kek kuma ya isa wajen biki goma saura kwata, ko gefe bai goge ba.

Yanzu na raba su, na mota daban, na gida daban, safaya kuma tana gidan Mama. Ku ma ku je ku duba inda taku take. Shekara biyu ina jefa makullin nan cikin jaka tare da cingam, ban san ya fi wayar da nake muku rubutu da ita tsada ba.