Kifin Ƙarfe

Maigidana gyaran jiragen ruwa yake yi a bakin kogi, nan Gaya, kan iyakar Benin. Ni kuma ina tuyar kifi a rumfar da ke kusa da tasa, ƙamshin maina yana faɗa da warin kwaltarsa.

A bakin kogin nan kowane mai gyara da hannunsa. In jirgi ya tsage aka liƙa masa mahon kwano, da ganin yankan ka san mai aikin, don in ya yi yoyo a san wanda za a riƙe. Wani mai kusurwa huɗu yake yankawa, wani zagayayye. Nawa mutumin kuwa, don iyayi, siffar kifi yake fitarwa, har da wutsiya. Wai haka ya gada wurin ubansa. Na sha yi masa tsiya cewa sunansa bai iya rubutawa ba, amma ya cika kogi da sa hannu.

Da aka rufe gadar Benin komai ya koma ƙetarewa ta ruwa, aiki ya yi masa yawa. Mun ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai a lokacin ne labarin mutanen daji masu bindiga ya fara gangarowa daga saman kogi. Aka ce sun ɗauke wani mutum don kawai yana sayar wa sojoji mai, har yau shiru.

Wata safiya jandarmomi suka jawo jirginsu na sintiri, na ƙarfe. A gefensa akwai huji a jere, kowanne yatsa zai shige. Ba wanda ya tambayi abin da ya huda shi. Sauran masu gyara kowa ya tuna da uzurinsa, wani har ciwon baya ya kama shi nan take. Maigidana ya karɓi aikin.

Na ja shi bayan rumfa na ce, "Malam, don Allah, in dole ne sai ka yi, yanka mai kusurwa huɗu irin na kowa. Bar kifin nan."

"Mi? In ɓoye hannuna sai ka ce na yi sata?"

"Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah."

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa," in ji shi, ya ɗauki kayan waldarsa. Ranar na ji haushinsa har na ƙone kifi.

Jirgin ya koma ruwa da kifin ƙarfe a haƙarƙarinsa, yana ƙyalli. Kogi ya cika, ya fara ja, ban ji komai ba, har na saki jiki.

Ran nan maigida ya tafi sallar azahar, sai ga wani baƙo, tufafinsa tsaf. Ya sayi kifi, ya zauna ya cinye a natse, har ya yaba yajina. Sannan ya sa hannu a aljihu.

"Inna, wa ke yin wanga aiki mai kyau?"

Kifin ƙarfen jirgin jandarmomi ne a tafinsa, gefensa duk baƙin ƙuna. Nan take na gane daga wurin mutanen daji ya fito. Na ce ni mai tuya ce, ban san aikin maza ba. Bai musa mini ba. Ya dai ɗaga ido ya dubi bayana, inda ragowar falankin kwano ke jingine da rumfarsa, duk ramukan siffar kifi, rana na shigowa ta cikinsu. Ya yi murmushi, ya ajiye ƙarfen a kan farantina.

"Ki gaishe shi. Ki ce mu ma muna da jiragen da ke son gyara."

Da maigida ya dawo na miƙa masa. Ya juya shi, ya shafa bakin da yatsa.

"Waldar ba ta saki ba," ya ce a hankali. "Sare shi suka yi."

Tun daga nan mai kusurwa huɗu yake yankawa. Ni kuma duk baƙon da ya zauna a rumfata, kafin in dubi fuskarsa aljihunsa nake dubawa.