Ƙofar Yaya Indo

Safiyar ranar Umma ta dama koko. Baba ya tafi unguwar Ulaya ɗauko kafilinsa, Balaraben da yake yi wa aiki, don direba ne. Ni kuma ina guge farar rigata ta makarantar ungozoma. A hawa na uku muke zaune a unguwar Manfuha. Ƙofarmu tana kallon ta Yaya Indo, mutuniyar Maraɗi. Cikinta ya shiga wata tara, kuma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Na gaishe ta a matakala. Ta amsa ciki-ciki.

Ta kwana biyu tana min haka, kuma wasa ne ya jawo. Malamarmu ce ta kawo shi aji. A shimfiɗa taswira a ƙasa, a jefa ɗan lido, a zaro kati. Katin ya ce wuta ta ɗauke, hanya ta toshe, ga mai naƙuda a matakala, me za ki yi? Mu yi ta dariya muna karɓar haihuwar 'yar tsana. Sai ta ce kowa ta je ta buga shi da matan gidansu, ta turo hoto.

Ni da rawar kai na hau rufin bene da alli, na zana ɗakunanmu, na tara mata. Wa ke da ciki? Wata nawa? In abu ya faru ta ina za ki fita? Alhali a lokacin ana tsakiyar kamen marasa takarda. Indo ta dubi zanen, ta dubi wayata, ta ce, "Rabi, wa ya aiko ki?" Ta sa ƙafa ta goge ɗakinta. Wallahi raina ya ɓaci. Matar da take min kitso duk Juma'a!

A ranar, ana idar da La'asar na ji ana jan ƙofofin shaguna, ɗaya bayan ɗaya. Sai fashewar gilashi. Na leƙa. Samari ne da sanduna da wuƙaƙe, wasu fuska a rufe. Babu mai kaki a cikinsu. Har yau ban san ko su wane ne ba, kowa da wanda yake zargi. Wani mutum ya faɗi a gaban shagon burodi, bai tashi ba.

Ƙarfe huɗu aka cinna wa wata mota wuta a ƙofar gidanmu. Hayaƙi ya cika matakala. Daga ƙasa ana dukan ƙofofi ana ihu: "Iftah! Iƙama!" Wato a buɗe, a nuna takarda. Baba ya bugo waya, ya ce mu bi ta rufi mu sauka gidan baya, yana lungu da mota.

Na suri jakata ta karɓar haihuwa. Na buga ƙofar Indo. Shiru. Na kasa kunne. Na ji nishi, irin wanda ba sai an faɗa min ba. Mijinta yana ɓoye a wurin gini tun shekaranjiya. Ita kaɗai ce.

"Yaya, ni ce! Buɗe!"

Na ji takunta. Ta zo har bakin ƙofa. Ina jin numfashinta. Sai na ji ta ƙara sakata.

"Kin kawo su," in ji ta. "Tafi."

Na rantse da Allah. Na daki ƙofar har hannuna ya fashe. Na zage ta ma, don haushi. Aka ɓalle ƙofa a hawa na biyu, wata mata ta ƙwalla ihu. Umma ta damƙi wuyan abayata.

"Wuce!"

Muka tsallake katangar rufi. Takalmin Umma ya faɗi, ba ta waiwaya ba. A mota Baba ya ce mu kwanta. Dutse ya sami gilashin baya. Ana kiran Magariba muka isa Jaradiya, gidan Kawu. Na yi ta kiran wayar Indo. Tana shiga, ana kashewa.

Da muka koma Manfuha ba wanda ya kalli idon wani. Wasu sun ce mai gadi ne ya nuna gidanmu, wasu sun ce mai shago. Matan sukan daina magana in na shigo. Ni kaina na zauna ina tunanin hoton nan da na tura, ko a ina ya tsaya. Malama ta ce ba wanda ya gani sai ita. Ban sake taɓa katin wasanta ba.

Ƙofar Indo ba a ma ɓalle ta ba. A banɗaki ta haihu, bayan Isha, da zani a baki don kada a ji ta. Cibiya ta naɗe wuyan ɗan. Bai yi kuka ba.

Da ta iya tsayuwa ta kai kanta inda ake kwasar masu komawa ƙasarsu. Na bi ta har bakin mota da ƙunshin kayan jego. Ba ta karɓa ba.

Jaririn namiji ne. Baba da Kawu ne suka binne shi. Ba a raɗa masa suna ba.