Na Fita Motsa Jiki, Aka Ɗaure Min Tunkiya

'Yan uwa, yau saura ƙiris in dawo gida da tunkiyar mutane.

Kun san likita ya ce in riƙa tafiya saboda hawan jini. Da safe na ajiye babur a ƙauyen Gammo, na bi bakin rafi, zan zagayo ta duwatsu. A kwari na tarar da wani dattijo yana kiwo. Muka gaisa.

Ya ce, "Malam, me ya ɓace maka?"

Na ce, "Ba komai, Baba, tafiya kawai nake."

Ya ƙare min kallo, ya ce, "Allah ya bayyana."

Ashe dattijon cikin gari ya koma ya ce baƙo na cigiya, kunya ta hana shi faɗa.

Ina zagayowa sai ga wata ɓatacciyar tunkiya ɗaure jikin babur ɗina, ana yi min barka! Na rantse ba tawa ba ce, da ƙyar suka yarda muka kai ta gidan mai unguwa.

Dattijon ya ja ni gefe, ya ce, "Gobe in za ka zagaya, saɓo fartanya. Babba ba ya yawon daji hannu rabbana."